Ɓarawon Yaro Ba Daga Daji Yake Fitowa Ba

Yau hirar tamu ba ta soyayya ba ce, a kan littafin da nake rubutawa ne, labarin wata yarinya da ta ɓata a nan Kende ranar kasuwa.

In kun lura, a yawancin labaranmu in yaro ya ɓata, sai a ɗora wa aljanu, ko matsafa, ko wani baƙo mai jajayen idanu. Mu kuma nan ƙasar Bagudo, da yake iyakar Binin na kusa, da an ce yaro ya ɓata sai ka ji ana cewa ai an bi da shi ta Lolo ko ta Tsamiya, an tsallake. Hankalin kowa ya tafi can nesa, ba mai duba gindinsa. To ni kam na ƙi bin wannan hanya, kuma ga dalilina.

Ku tuna da Hanifa Abubakar, 'yar shekara 5 a Kano. A watan Disamba na 2021 aka ɗauke ta tana dawowa daga Islamiyya, aka nemi iyayenta su biya naira miliyan 6. Wa ya ɗauke ta? Abdulmalik Tanko, mai makarantar bokon da take zuwa, mutumin da ta sani, ta yarda da shi. Har gidan iyayen ya je jaje. A watan Janairu na 2022 aka kama shi, aka tono gawarta a harabar wata makarantarsa, ashe maganin ɓera ya ba ta. A watan Yuli na 2022 babbar kotun jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Hanifa.

Kun ga ke nan, yarinya ba ta bin baƙuwar fuska da daɗin rai, kuka za ta sa, jama'a su taru. Wanda ta saba da shi kuwa, hannu kawai zai miƙa mata. Ai da ɗan gari akan ci gari.

Shi ya sa a littafina babu boka babu aljani. Maza sun bazama bakin iyaka cigiya, uwar kuwa ta zauna tana tambaya: wa ya gan ta ƙarshe? Me ya sa ba ta yi kuka ba? Wa ya san lokacin da ake aikenta? Kowace amsa sai ta ƙara matso da ita kusa da zauren gidansu. Sunan mai laifin? A'a, wannan sai littafi ya fito!

Ba cewa nake mu zargi kowa ba, zumunci ya lalace. Amma 'yar uwa, ki koya wa ɗanki cewa ko wa ya ce zo in kai ka, sai ya dawo ya faɗa miki tukuna. Ki san wanda ke rako shi daga makaranta. In kuwa ya wuce lokacin dawowarsa, kada ki tsaya jiran gari ya waye, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda nan take.

Ina jiran wasiƙunku. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum, daga Kende.