Ayurveda Ba Ta Warkar Da Ciwon Suga, Ko A Indiya

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu ciwon suga da masu jinyarsu: wai maganin asibiti danne ciwon kawai yake yi, na gargajiya ne ke tumɓuke shi, kuma ko bai yi amfani ba ai ganye ne, ba ya illa. Yanzu maganar ta samu sabon tambari, wato Ayurveda, maganin gargajiyar Indiya. Da an ce kwalba daga Indiya ta fito, ƙasar da manyanmu ke zuwa neman lafiya, sai a saki jiki. Wannan magana tana kisa, kuma hujjata daga Indiyar take.

Ba raina Ayurveda nake yi ba. Masananta na dauri, irin su Sushruta da Charaka, sun gane ciwon nan tun ba a san awon jini ba. Sun lura tururuwa na taruwa a fitsarin mai shi, sun danganta shi da ƙiba da yawan zama, sun ba da shawarar gyara abinci da motsa jiki. Wannan basira ce. Amma gane ciwo daban, warkar da shi daban. Kafin 1922, shekarar da aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar insulin a Toronto, duk yaron da jikinsa ya daina samar da insulin mutuwa yake yi, a Indiya da ko'ina, alhali ganyayen nan suna nan tun fil azal.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2014 Indiya ta kafa ma'aikata sukutum, AYUSH, don bunƙasa magungunan gargajiyarta. Duk da haka, binciken hukumar ICMR ta ƙasar da aka wallafa a 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 101 na da ciwon suga, wasu miliyan 136 kuma suna dab da kamuwa. Da waraka na cikin kwalbar, ai da 'yan gida suka fara warkewa. Tun 1954 ma dokar Indiya ta haramta tallar magani da sunan yana warkar da wasu cututtuka, ciki har da suga. Kan irin wannan talla ƙungiyar likitocin ƙasar ta maka Patanjali, kamfanin magungunan Ayurveda na Baba Ramdev, a Kotun Ƙoli. A Fabrairun 2024 kotun ta hana kamfanin tallar, a Afrilu kuma sai da suka buga neman afuwa a jaridu. Abin da alƙalan Delhi suka ƙi yarda da shi, don me za mu haɗiye shi saboda mun gan shi a Facebook ko WhatsApp?

Za a ce ai an gwada, hulba da garahuni suna sauke suga. Akwai ƙamshin gaskiya. A 2011 masanan ƙungiyar nazarin binciken lafiya ta Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 7 da aka yi kan mutum 354 da haɗe-haɗen Ayurveda. Sun ga alamar saukar suga a wasu, amma suka ce gwaje-gwajen ƙanana ne, masu rauni, ba za a yanke hukunci da su ba. Sauke suga na ɗan lokaci ba shi ne kare ido da ƙoda na shekara ashirin ba.

Batun cewa ganye ba ya illa kuwa, shi ya fi tayar mini da hankali. Wani reshe na Ayurveda da gangan yake haɗa ganye da ƙarafa. A 2004 Dokta Robert Saper da abokan aikinsa sun auna magunguna 70 na Ayurveda da suka saya a shagunan Boston ta Amurka, suka tarar da dalma ko zaiba ko asenik a cikin 14. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Ga shi ƙodar mai suga dama a wahale take.

Babbar ɓarnar ma ita ce ajiye maganin likita. Suga ciwo ne mai aiki a ɓoye. Mutum yana jin garau, suga na cin jijiyoyinsa, sai an wayi gari ido ya dushe, ko gyambon ƙafa ya ƙi warkewa har a kai ga yankewa, ko a koma wankin ƙoda. Wanda kuma ya haɗa maganin likita da na ganye a asirce, sugansa na iya faɗuwa warwas har ya suma.

Masu cewa asibiti na gaba da ganye su sani, metformin da ake ba mafi yawan masu suga asalinsa daga nazarin wani tsiro na Turai ya fito. Bambancin shi ne an auna shi, an san ƙimarsa da illarsa. Kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba kuwa, cinikin biri a sama ne. Ko lambar NAFDAC a jikin maganin ganye ba shaidar yana warkarwa ba ce.

Na san tsadar insulin da gajiyar shan ƙwaya kullum su ke tura bayin Allah ga masu alƙawarin waraka, kuma wajibi ne hukumomi su sauƙaƙa magani, su taka wa masu tallar ƙarya birki. Kafin nan, ɗan'uwa mai suga, kada ka ajiye maganinka don maganar ɗan talla. Ka rage tuwo da lemon kwalba, ka riƙa tattaki, ka riƙa awo. In kana son shan hulba ko wani haɗi, kai wa likitanka ya gani tukuna. Neman magani umarni ne, amma a wurin masu saninsa.