Wa ke kiran wa malalaci?

An sake ɗauko tsohuwar waƙa. Makon jiya wani tsohon babban sakatare ya shiga rediyo yana faɗa, wai tun bayan korona ma'aikata suka lalace, sun ɗanɗana zaman gida ba sa son ofis. Har ya kawo Kaduna misali, inda gwamnatin El-Rufai ta mayar da aiki kwana huɗu a mako tun Disamban 2021. Masu bugo waya kuwa sai "gaskiya ne, ranka ya daɗe" suke ta yi. Allah ya kyauta.

Ranka ya daɗe, a zamaninka ƙarfe nawa kake shiga ofis? Mun san ku ai. Sha ɗaya direba ya buɗe ƙofar mota, azahar a tafi masallaci, daga nan sai gobe, fayil na kan tebur yana jiran Oga ya gani. Ƙwazon da ake mana kuka a kansa ke nan.

Korona asiri ta tona. A Maris 2020 gwamnatin tarayya ta ce ma'aikatan mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida, suka kuma daɗe a gida, ƙasa ba ta rushe ba. Ashe dama rabin aikin sa hannu ne a rajista, sai zaman ƙarƙashin darbejiya ana jiran a kawo wuta. Mutum ya gane haka, ya fara kiwon kaji a bayan gida, ya koma gonar gado, yana kai 'ya'yansa Islamiyya da kansa. Tun asuba yana zuba dusa, yana wanke mazubin ruwa, yana ƙirga ƙwai a kiret kafin ya sa rigar ofis. Wai wannan ne malalaci!

Za a ce ai albashi ake biyansa. Wane albashi? Naira 70,000, bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023? Ka hau keke daga Rigasa zuwa sakatariya ka dawo, Litinin zuwa Alhamis, sannan ka je kasuwa ka tambayi kwanon masara. Kwara da Edo ma sai da suka rage ranakun zuwa ofis a 2023, don kuɗin mota ya fi ƙarfin ma'aikaci. Zancen "ɗa'ar aiki" kuwa, a ajiye shi gefe.

Kuma ba yau aka fara wannan zagin ba. A 2018, a Landan, gaban baƙi, shugaban ƙasa na lokacin ya ce da yawa daga cikin matasanmu so suke su zauna a ba su komai kyauta, aka laƙaba musu ci-ma-zaune. Ba mu manta ba. Ba mu kuma manta da kayan tallafin korona da aka kulle a rumbuna ba, har sai da jama'a suka fasa su a Jos da Kaduna a Oktoban 2020. Wa ya zauna a kan kayan nan? Masinja ne?

Gidan rediyon da zai sake gayyatar irin wannan baƙo, don Allah ya tambaye shi ko masinjan da ya yi ta ɗaukar masa jaka ya samu fanshonsa.