MAFARA, BAKURA, MARADUN: GWAMNONI UKU, INA GIDAN TALAKA?

Daga 1999 da soja suka koma bariki zuwa 2023 shekaru 24 ke nan. A cikinsu, shekaru 20 cur kujerar gwamnan Zamfara ba ta fita daga wasu garuruwa uku masu maƙwabtaka da juna ba. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi takwas, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya yi takwas, Bello Matawalle na Maradun ya yi huɗu. Da a ce haihuwar gwamna tana haƙa wa gari magudanar ruwa, ko tana rufa wa talaka ɗaki, da tuni mutanen wasu jihohi na yin takakkiya zuwa yammacin Zamfara don su ga yadda ake tsara unguwa. To amma mai karatu ya sauka daga bakin kwalta, ya kutsa lungu a tsakiyar watan Agusta. Zai tarar da kwatamin wannan gida na kwarara ƙofar wancan, katangar ƙasa ta jiƙe ta yi ciki, magidanci da iyalinsa na kwana ido biyu don tsoron kada soro ya rufto musu.

Wa ya kamata a tuhuma? Yawancin matasa gwamna suke hange, ko ma shugaban ƙasa can Abuja. Sun manta da hukumar da sakatariyarta ke nan cikin gari, wadda ake iya zuwa da ƙafa.

Tsarin mulkin 1999, wanda su mahukuntan suka yi rantsuwa a kansa, ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a jadawalinsa na huɗu. Daga ciki akwai gina hanyoyin cikin gari da gyara su, da fitilun titi, da magudanun ruwa, da kwashe shara, da bandakunan jama'a, da maƙabartu, da gidajen gajiyayyu, har da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili na noma ko na zama a duk inda gwamna bai ayyana shi a matsayin birni ba. Kuɗi fa? Daga asusun tarayya ana ware wa ƙananan hukumomi 774 kashi 20.60 cikin ɗari. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru ƙwarai, kuma daga aljihun talaka ƙarin ya fito, domin shi ke biya a gidan mai da kasuwa. Wato aiki nata ne, ikon fili na hannunta, kaso kuma da sunanta ake fitar da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar da kason ke bi. Sashe na 162 na tsarin mulki ya ƙirƙiro asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Kuɗin Bakura ba Bakura suke fara sauka ba, sai sun yada zango a Gusau. A can ake cire albashin malaman firamare, da kason masarautu, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, sannan a miƙa wa ciyaman abin da ya saura. Ba Zamfara kaɗai ba, haka abin ya daɗe a kusan kowace jiha. A watan Mayun 2019 hukumar NFIU mai bin diddigin kuɗi ta fitar da ƙa'ida cewa kada a taɓa kuɗin ƙaramar hukuma sai sun shiga asusunta, kuma kada a ciri tsabar da ta wuce N500,000 a rana. Ƙungiyar gwamnoni, wadda Yari ke shugabanta a lokacin, ta ce ba ta yarda ba, aka tafi kotu, a 2022 kotu ta kori ƙarar gwamnonin. Sai kuma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin ɗora kantoma a madadin zaɓaɓɓe. Zamfara ta yi zaɓen ƙananan hukumominta 14 a Nuwambar 2024, jam'iyyar gwamna ta kwashe duka, kamar yadda aka saba a ko'ina. Amma shekara guda bayan hukuncin, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana ta kukan cewa a takarda kawai ya tsaya.

To a ɗauka gobe kuɗin sun iso Mafara ba tare da an gutsira ba. Nan ma akwai rami a gaba. Ɗan siyasar ƙasar nan in aka ce masa gida, abin da ke zuwa ransa shi ne rukunin gidaje hamsin masu fenti iri ɗaya a bakin hanyar Sakkwato, da allo mai ɗauke da hotonsa, da ranar yanke ƙyalle. Wa ke shiga irin waɗannan gidaje? Tun gidajen Shagari na farkon shekarun 1980 amsar ba ta canja ba: ma'aikaci mai hanya, da ɗan kwangila, da wanda zai karɓa ya zuba 'yan haya. A 2024 ministan gidaje Ahmad Musa Dangiwa ya ce gida mai ɗaki ɗaya a rukunan da gwamnatin tarayya ke ginawa da kuɗin kasafi zai kama Naira miliyan takwas zuwa tara, kuma wai wannan shi ne mai rahusa. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na N70,000 sai ya tara albashinsa gaba ɗaya na shekara tara da rabi, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa miliyan takwas. Ɗan acaɓa da mai tura ruwa da manomin albasa ko cikin lissafin ba su, domin asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 an gina shi ne a kan cire kashi biyu da rabi daga albashi.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ke faruwa in aka zauna a ofis aka tsara wa talaka mazauni ba da shawararsa ba. Sun gani da idonsu. Lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ruwa ya shanye kadada kusan 8,000, aka tashi mutane kimanin 13,000, aka kai su sabon matsuguni a kan tudu, nesa da fadamar da suke ci daga gare ta. Manoman da aka baje wa gonaki don aikin ban-ruwa suka yi ta jiran diyya har suka gaji, suka tare hanyoyi. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, wasu rahotanni suka ce sun haura 380. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ma wancan aikin da sunan raya karkara aka zo da shi.

Yau kuma wani tashin ne ake yi, na bakin bindiga. A watan Mayun 2022 'yan ta'adda suka afka wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe a ƙasar Bakura, suka kashe mutane gommai. Ƙauyukan Maradun sun sha irin wannan ba sau ɗaya ba. Wanda ya tsira gari yake nufa, ya raɓe a zauren ɗan uwa, ko kangon da ba a rufa ba, ko ajin makaranta. A Mafara ga ɗaliban kwalejin Abdu Gusau da na jami'ar jiha su ma suna neman ɗaki, haya sai hawa take yi. Matashin da ya isa aure yana nan a shago, ba don ya rasa wadda zai aura ba, sai don ya rasa inda zai ajiye ta. Buhun siminti kuwa a farkon 2024 ya zarce N10,000, alhali ga masana'antarsa nan a Kalambaina.

Abin da ya kamata kowane ɗan uwa ya gane shi ne, talaka bai taɓa jiran gwamnati ta gina masa gida ba. Duk unguwar da ke cikin garuruwan nan uku masu ita ne suka gina ta, ɗaki bayan ɗaki, da tubalin ƙasa da gayya da kuɗin kaka. Abin da ya fi ƙarfinsa abu uku ne: fili mai takarda da ba za a wayi gari a ƙwace ba, da hanya da magudanar da mutum ɗaya ba ya iya yi, da kuɗin rufi a dunƙule. A nan kuɗin ƙaramar hukuma ya kamata su shiga. Ta yanka filaye a gefen gari, ta fitar da layi da wurin masallaci da makaranta tun kafin a kafa tubali, ta sa famfo, ta raba a bainar jama'a, 'yan gudun hijira da marasa gida a gaba, da sharaɗin duk wanda ya sayar kafin ya gina an karɓe. Ta ware wani abu duk wata a matsayin bashin kwano da katako marar ruwa, ana biya bayan girbi, abin da ya dawo a ba na gaba, kamar adashi. Kuɗin gida ɗaya na miliyan takwas zai rufa ɗakuna da dama ta wannan hanya. Jihar tana ma da Hukumar Zakka da Waƙafi tun zamanin Yarima, wadda za ta iya ɗaukar nauyin gwauraye da marayu da ba za su iya biya ba.

Ba sabon abu ba ne. Da aka kafa Kufa a shekara ta 17 bayan Hijira, zamanin Halifa Umar (RA), hukuma wurin masallaci ta fitar, ta ƙayyade faɗin hanyoyi, ta yanka wa kowace ƙabila yankinta, mutane suka yi gininsu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya lissafa gina garuruwa da gyaran hanyoyi da kasuwanni cikin abin da ke wuyan shugaba. A zamanin nan kuma, a 1969 gwamnan birnin Jakarta na Indonesiya, Ali Sadikin, ya ga ba shi da kuɗin rushe unguwannin talakawa ya gina sababbi, sai ya shiga lungunan da siminti da magudana da ruwan sha da bandaki, bai tashi kowa ba. Da lungu ya gyaru, masu gidajen da kansu suka shiga gyara gidajensu. Miliyoyin mutane suka amfana, har Bankin Duniya ya biyo baya da kuɗinsa.

Za a ce ai albashi ke cinye kason, kuma tsaro ne kan gaba. Wataƙila haka ne, amma a nuna a takarda. Gwamnatin Dauda Lawal ta fara aikin sabunta birnin Gusau a 2023, ba laifi, babban birni ne. Sai dai kwaltar Gusau ba ta hana ruwa shiga ɗaki a Bakura. Game da tsaro kuwa, iyalin da aka kora daga ƙauye suna kwana a kango su ma matsalar tsaro ce, yaransu ne ke tashi ba makaranta ba sana'a.

Tun 2004 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta fara buga abin da kowace ƙaramar hukuma ke samu duk wata, kuma yanzu duk mai waya a hannu zai iya nemo shi a intanet, ga sunan Talata Mafara, ga Bakura, ga Maradun, kowace da adadinta. Matasan da ke iya shirya gasar ƙwallo ta unguwa-unguwa, su tara kuɗin kofi, ba za su kasa rubuta wannan adadi a kwali su liƙa a majalisarsu ba. Daga nan sai su auna tsawon magudanar da lungunsu ke buƙata, su tambayi birkila abin da za ta ci, su ɗauki dattijo ɗaya da liman, su tafi gidan kansila da takardun biyu kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa. Kansilan ba a Abuja yake ba, tare ake sallar asuba da shi.