Ba Duk Wanda Mai Gadi Ya Kama Ne Ɓarawo Ba



Watan jiya ina ɗakina a nan Jakara, saura kwana biyu in miƙa labarin gasa, na sauke wata manhajar kibod mai ƙ, ɗ da ɓ. Ina sakawa antibairos ɗina ya yi jajawur, ya ce cuta ce, ya ɗauke ta. Wani abokina ya ce in kashe shi gaba ɗaya in huta. Ban yarda ba, ku ma kada ku yarda.

Antibairos yana hukunci ne ta hanya biyu: ko ya gwada fayil da jerin cututtukan da ya sani, ko ya lura da halinsa. Manhajar kibod sai ta saurari kowane maɓalli da ka danna kafin ta mayar da k ta zama ƙ. To haka ma manhajar ɓarayin lambar sirri take yi. Kama ce ta jawo mata, kama da wane kuwa ba wane ba ce. Manyan kamfanoni ma suna wannan kuskure. A Afrilun 2010, wani sabuntawa na McAfee ya ɗauki fayil ɗin Windows XP na gaske, svchost.exe, a matsayin cuta, kwamfutoci da yawa suka yi ta mutuwa suna tashi.

Duk da haka, wanda ya taɓa kai filashinsa shagon buga takardu ya dawo ya tarar babi-babinsa sun ɓace ya san cutar gaskiya ce. Korar mai gadi saboda kuskure ɗaya ganganci ne.

Ga abin da na yi. Ban danna gogewa ba, na leƙa inda antibairos ke killace fayiloli, na same ta a can. Na tabbatar daga shafin masu ita na sauko da ita. Na ɗora ta a VirusTotal, inda injina da dama ke duba fayil ɗaya, kusan dukkansu suka wanke ta. Sannan na dawo da ita, na cire ita kaɗai daga bincike.

Gargaɗi ɗaya: kada ka ɗora littafinka da bai fita ba a VirusTotal, domin abin da aka ɗora yana iya isa hannun masu binciken tsaro. Manhaja ake kaiwa can. Rubutunka kuwa, ajiye kwafi a imel ɗinka tun yau, kafin wata rana kwamfuta ta yanke masa hukunci.

Allah Ya ƙara basira.