Baturiya ba ta buƙatar shafi mai ƙyalƙyali

Jiya ƙanena ya nuna min shafin intanet da yake haɗawa don tallata dausayin Baturiya. Ya cika shi da bidiyo da rubutu mai tsalle-tsalle. Muka yi ta jira a wayata, ya ƙi buɗewa, data kawai ta ƙone.

Jama'a, tun 2008 Baturiya ke cikin jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya. Tsuntsaye har daga Turai suke zuwa cin hunturu nan. To baƙon da ke son ganinsu me yake nema? Hanya daga Haɗeja, watan da ya dace, ɗan jagora, da lambar da in an kira za a ɗaga. Shi ke nan fa.

A ganina, ɗan koyo ya fara da Google Sites ko Blogger. Kyauta ne, kuma ba wuya. WordPress sai hannu ya faɗa. Ka rage nauyin hotuna, launi biyu ya isa, ka rubuta da Hausa da Turanci, sannan ka gwada a ƙaramar waya inda sabis ke rawa. In ya buɗe a bakin fadama, zai buɗe a Landan.

Baƙon da shafi ya ƙi buɗe wa ya wuce, kuɗin jagora ya bi shi. Ko ya kuka gani?