Ina Amfanin Bayanin Da Baƙo Bai Gane Ba?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu wata kwalba ce da har yau take rataye a zauren gidanmu a Samaru.

A daminar 2022 Baba ya aike ni kasuwar Sabon Gari in sayo masa maganin ciyawa. Mai shagon ya tsiyayo mini daga wata babbar jarka, ya liƙa 'yar takarda a jikin kwalbar, ya rubuta: "Maganin ciyawa, murfi uku." Murfi uku a cikin ruwa nawa? Bai faɗa ba. A wace irin gona? Bai faɗa ba. Gonar Baba kuwa masara ce da wake a haɗe, kamar yadda aka saba a ƙasar Zazzau. Aka yi feshi, masara ta tsaya ƙyam, wake ya yi rawaya ya bushe. Da Baba ya koma shagon tare da wani malamin gona suka duba jikin jarkar, sai ga shi atrazine ne, wanda masara da dawa suke jure masa, wake kuwa ba ya iyawa. Maganin ba jabu ba ne. Takardar ce ta cuce mu.

Na tuna da wannan ne ranar da Yayana, wanda yake karatun kwamfuta a jami'a, ya nuna mini yadda ake sa na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta zama ɗan aike. Ba amsa tambaya kaɗai take yi ba yanzu, ana ba ta kayan aiki: wannan na duba farashi, wancan na aika saƙo, wancan na biyan kuɗi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne na'urar ba ta ganin cikin kayan nan ko kaɗan. Sunan kowanne take karantawa, da 'yan layukan bayanin da wani mutum ya rubuta, da jerin abubuwan da za ta cike. Da wannan kaɗai take zaɓa. Har a watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic na Amurka ya fitar da wani tsari mai suna Model Context Protocol domin a riƙa haɗa na'urorin da kayan aiki ta hanya ɗaya, kuma a cikinsa ma kowane kayan aiki da sunansa da bayaninsa yake zuwa.

Na ce, "Yaya, ashe ita ma kwalba ake miƙa mata da takarda a liƙe."

Ya yi dariya ya ce, "Ƙane, gwada ka gani." Ya sa na rubuta bayanin kayan duba farashi. Na rubuta, "Yana ba da farashin hatsi," ina ganin na gama. Sai ya jero mini tambayoyi. Farashin buhu ko na mudu? Na yau ko na makon jiya? Na Sabon Gari ko na Samaru? In ba a sami hatsin ba, me zai dawo da shi? Kunya ta kama ni, domin na yi daidai abin da na daɗe ina zargin mai shago da shi.

To, ga ra'ayina. Wanda ya rubuta bayani bai isa ya yi masa alƙalanci ba, domin abin da ya manta bai rubuta ba yana nan a kansa, idonsa ba zai ga giɓin ba. Baƙo ne alƙali. Haka masu wannan sana'a suke yi in suna da hankali: su ba na'urar ayyuka masu yawa, su ƙirga sau nawa ta ɗauki kayan da ya dace, su bi inda ta ɓata, su gyara kalmomin, su sake gwadawa. Na ji wasu abokaina suna cewa ai magani shi ne a tsawaita bayani. Ban yarda ba. Shafi guda na yabon kaya bai kai layi ɗaya da ya ce "kada a fesa inda akwai wake" ba. Bayanin da bai faɗi inda ba a amfani da abu ba, a wurina rabin bayani ne.

Mu mutanen Samaru bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Tun 1922 ake binciken noma a garin nan, kuma a 1962 cibiyar ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Irin masara na SAMMAZ da irin wake na SAMPEA ba a ba manoma su sai an gwada su a filaye damina bayan damina. In ana wahalar gwada iri haka, don me za a saki takardar da ta zo da kaya ba a gwada ta a hannun ko mutum ɗaya ba?

Ina roƙon malaminmu na aikin gona ya ba mu wannan a aji: kowa ya rubuta yadda ake haɗa magani a injin feshi na goyo, mu yi musanya, kowa ya bi takardar ɗan'uwansa da ruwa zalla, ba tambaya, ba nuni da hannu. Ni zan kawo kwalbar Baba.