ZAGAYEN JIHOHI: Neja, Jihar Da Ake Kwashe Wa Kaya

A wannan mako zagayen ya iso Jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha a Nijeriya faɗin ƙasa, don kuwa ta kai murabba'in kilomita 76,000 da 'yan kai. Marigayi Janar Murtala Muhammad ne ya kafa ta ranar 3 ga watan Fabrairu na 1976, aka yanko ta daga Jihar Arewa Maso Yamma ta da, Minna ta zama hedkwatarta. A 1991 aka ƙara mata ƙasar Borgu daga Jihar Kwara. Ƙananan hukumominta 25 ne, masarautunta takwas, Etsu Nupe na Bida kuwa shi ne shugaban majalisar sarakunan. Nufawa da Gwarawa da Hausawa su suka fi yawa, ga kuma Kambarawa da Kamukawa da Fulani da sauransu.

Kirarin da aka san ta da shi, watau Jihar Ƙarfi, yana da baki biyu. Masu ba'a sukan ce ƙarfin mulki ake nufi, tun da Minna kaɗai ta fid da shugabannin ƙasa biyu, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar. Amma ainihin abin da ake nufi shi ne ƙarfin lantarki. A kan Kogin Kwara akwai madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, da ta Jebba a kan iyakar jihar. A kan Kogin Kaduna kuma ga ta Shiroro ta 1990, ga sabuwa ta Zungeru mai megawat 700. Ke nan duk wanda ya kunna fitila a Legas ko Kano, akwai hakkin mutanen Neja a wuyansa.

Hakkin kuwa ba ƙarami ba ne. Sa'ad da ruwan Kainji ya taru, ya haɗiye tsohon garin Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, aka tashi dubun dubatar mutane daga gidajen kakanninsu. Mazauna bakin kogi kuma, duk daminar da aka buɗe ƙofofin madatsun nan, gonakinsu na shinkafa ne ke tafiya, alhali kuwa da yawa daga ƙauyukansu wayar wuta ta kansu take wucewa ba ta sauka. An yi dokar kafa hukumar da za ta kula da irin waɗannan yankuna a 2010, amma sai da aka shekara goma kafin ta kama aiki.

Wannan hali na a ɗauka a kai wani wuri ya bi jihar har cikin abubuwan da take tinƙaho da su. Dubi Dutsen Zuma, wanda ke tsaye kusa da Madalla a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya ɗara ƙasar da ke kewaye da shi da kamar mita 300, da wata siffa kamar fuskar mutum a jikinsa. A cikin Jihar Neja yake, ba tantama. Duk da haka da aka buga hotonsa a bayan takardar naira ɗari ta 1999, sunan Abuja aka rubuta a ƙarƙashinsa, sai daga baya aka gyara. Kai, shi kansa sunan Abuja na aro ne. Garin da ake kira Suleja yau shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja, daga zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe, ya kafa a 1828. Da aka tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976, Neja ta ba da mafi yawan ƙasar, garin ya ba da sunansa, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. A nan ne Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan takardar naira ashirin, ta yi suna da ginin tukwane.

Wurin da ya fi ban takaici shi ne Zungeru, wadda Hausawa ke kira Dungurum. Nan ne mazaunin Gwamna Lugga tun daga 1902, daga nan aka mulki Arewa duka kafin a koma Kaduna. A nan aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe a 1904, aka kuma haifi Odumegwu Ojukwu a 1933. Da a wata ƙasa ce, da an kewaye gine-ginen, an sa masu gadi, 'yan makaranta suna zuwa mota-mota. Abin da ya rage yanzu kango ne cikin ciyawa. Ko 'yar gadar ƙarfen da Lugga ya yi a can, kwance ta aka yi a 1954 aka kai Kaduna, tana can a lambun Gamji.

Akwai dai abin da ba ya ɗaukuwa. Maƙeran tagulla na Bida da Masaga masu narka kwalba su yi duwatsun wuya suna nan a unguwanninsu, kuma mai ziyara yana iya tsayawa a bakin maƙera ya ga yadda ake yi. Gandun dajin Tafkin Kainji kam, tun da 'yan bindiga suka sami mafaka a dazuzzukan yankin, ba wurin da za a tura baƙo ba ne sai hukuma ta yi abin da ya wajaba a kanta. Wanda ya fi sauƙin kaiwa shi ne magangarar ruwa ta Gurara, a gefen hanyar Suleja zuwa Minna, inda ruwa ke faɗowa daga tsawon kamar mita 30. Mai son ganin ƙarfinsa ya je da damina, ya tsaya nesa, don ruwan ba ya wasa. Mai zuwa da iyali kuwa ya bari sai rani ya kama, lokacin da duwatsu suka fito, ruwan ya kwanta.